Rigar Tanka

Tun ranar da ta fara taka keken ɗinki, Tela ba ta taɓa yanke ragowar yadi daga rigar da aka kawo mata ragi ba. In ka ce riga ta yi maka yawa, za ta tsuke ta daidai jikinka, amma abin da ya rage sai ta kalmashe shi ta ciki, ta bi shi da dutsen guga ya kwanta. Matar da ta koya mata ɗinki ce ta dasa mata wannan a ka. Takan ce jiki baƙo ne, yau ya zo da kaya gobe ya tafi da su, don haka tela mai hankali yana bar wa riga hanyar komawa. Duk layin an san Tela da wannan hali. Har tsiya ake mata, wai ko ƙyallen ɗaure yatsa ba ta iya rabuwa da shi.

Mijinta kuwa bai taɓa ba ta aikin ragi ba, shi kullum ƙari ne. Direba ne a wani kamfanin manyan motoci masu ɗaukar fasinja daga gari zuwa gari, kuma a gareji ba mai kiran sa da sunan yanka, sai Tanka. Sunan ya biyo shi har gida. In ya hau kujerar direba, motar sai ta ɗan rusuna kamar tana gaishe shi, cikinsa kuma ya riga hannunsa isa sitiyari. Amma fa in ya tayar da ita, kai! Ka ajiye kofin shayi a gabansa, har ku isa ba zai zube ba. Akwai tsofaffin da kan bar mota biyu su wuce don su jira tasa. Shi ma a duniya ba abin da yake so kamar motar nan. In ya dawo daga tafiya, labarinta yake fara ba Tela kafin ya tambayi yara, har ta daina fushi da hakan.

Ciwon suga ya same shi bayan ya haura arba'in. Ba wanda ya yi mamaki, har shi kansa. Mai wannan jiki, aka ce, ai dama ana jira. Aka ɗora shi a kan ƙwaya, ta yi aiki. Da aka jima ta fara gazawa, aka ƙara wata, ita ma ta yi nata ɗan lokacin ta gaji. Ranar da likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a koma allura, Tanka ya dawo gida ya kasa cin abinci, abin da Tela ba ta taɓa gani ba tun aurensu.

To nan gizo ke saƙar. Kamfaninsu yana da doka: direban da ke shan ƙwaya ya ci gaba da aikinsa, amma wanda ya koma allurar insulin ba ya ɗaukar fasinja. Dalilinsu, allurar kan sa suga ya faɗi ba sallama, mutum ya shiɗe a kan sitiyari. Tanka ya ga yadda aka sauke abokinsa ɗaya a kan wannan, yanzu yana gida yana kiwon kaji yana huce haushinsa a kansu.

Likitan ne ya kawo zancen tiyata. Ya ce ga mai ƙiba irin tasa akwai aikin da ake yi, a yanke yawancin tumbi a bar kaɗan, mutum ya rage ci, ƙiba ta zube. Ya ce mutane da yawa sugansu kan lafa bayan haka, har su ajiye magani. Ya ƙara da cewa da yawa, ba duka ba. Tela tana zaune a wurin, da kunnenta ta ji ya faɗa. Amma su biyun da “da yawa” kawai suka koma gida, suka bar masa “ba duka ba” a kan tebur.

Yayar Tanka, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da ta ji labari sai ta zo ko sallamar kirki babu.

“A yanke wa mutum tumbi yana raye? Rago ne shi? Ke kuma kina zaune kina kallo!”

“Yaya, likitoci ne fa suka ce.”

“Su ce mana. Garin neman gira a rasa ido.”

Sai dai ita Yaya ba abin da ba ta taɓa hanawa ba. Ta hana a sayi firji, ta hana a sa 'yar autarsu makarantar kwana, ta hana Tela ta sa wa kekenta injin lantarki. Wanda kullum yake cewa a'a, ranar da a'arsa ta zama gaskiya ma ba mai ji.

Aka yi tiyata lafiya. Tumbin da aka bar masa, in ji likita, bai fi ayaba ba. Mutumin da ke share faranti biyu ya koma kurɓar romo da ƙaramin cokali, cokali uku ya ce ya ƙoshi. Sai ga suga ya sauko. Ya sauko har aka ce ya ajiye ƙwaya, a riƙa dubawa a gani. Ranar Tanka ya ɗauki na'urar gwajin jininsa ya jefa a aljihun keken Tela, cikin maɓallai da tsofaffin zif, ya ce ta huta ita ma. Da ya koma bakin aiki, ranakun komawa asibiti suka riƙa faɗowa ranar da yake da tafiya. Ya tsallake ɗaya, ya tsallake biyu. In Tela ta yi magana sai ya ce mai lafiya me zai je yi asibiti, ya tare wa marasa lafiya layi?

Rigarsa ta aiki, shuɗiya mai tambarin kamfani a aljihu, ita da wandonta suka fara yi masa yawa. Tela ta rage su, ta kalmashe ragowar ta ciki kamar kullum. Ba a jima ba ta sake ragewa. Kai, ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Ta zagaya ƙugunsa da tef, hannuwanta biyu suka haɗu a bayansa karo na farko tun suna amarci, ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. A gareji kuma aka ce Tanka ya koma babur, shi ne ma ke fara faɗa kafin a faɗa masa.

A ragi na uku ne ya tsaya a kanta tana shirin kalmasa.

“Tela, wannan kalmasar taki tana ci mini ƙugu. A kanta nake zaune daga tasha har tasha, kamar na ɗaura igiya.”

“To kawo in sake kwantar da ita da guga.”

“Ki yanke kawai.”

“Maigida, ka san ni ba na yankewa.”

“Wa kike ajiye wa? Tankan da ya tafi?” Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. “Ko dai ba ki yarda na warke ba ne?”

Wannan tambayar ce ta karya ta. Ta dubi mutumin da ya kwanta aka yanke masa ciki don kada a raba shi da motarsa, ta ga in ta ce a'a kamar ta yi masa mugun baki ne. Ta ɗauki almakashi. Ta bi gefen rigar ƙaras-ƙaras tun daga hammata har ƙasa, ta juya ta yi wa ɗaya gefen, ta koma kan wando. Yadin da ya zube ƙasa ya isa a yi wa ƙaramin yaro riga. Tanka ya yi tafi. Ita kuma, hali zanen dutse, ta tattara ƙyallayen ta cusa a buhun da ke ƙarƙashin keke.

Bayan nan ne ƙishirwa ta fara. Ƙishirwa ba ta wasa ba, ga tumbin da ba ya karɓar ruwa sai kurɓi-kurɓi. In ya yi gaggawa ya kwankwaɗa, sai ya dawo da shi. Haka zai zauna da gora a hannu yana tsotsa kamar jariri, leɓɓansa a bushe. Kwandastansa ya fara ba'a, wai yanzu Oga ya fi fasinja yawan cewa a tsaya a kama ruwa. In ya dawo gida ba labarin mota, sai ya zube a kujera barci ya kwashe shi da takalmi a ƙafa. Amai kuwa, ai an gaya musu mai sabon tumbi yakan yi. Gajiya, ai ba ya cin abin kirki. Komai ya taso, suna da amsarsa a hannu.

Ramar ma ba ta tsaya ba. Tela ta sake ragi, ta sake yankewa, tunda an riga an fara. Tef ɗinta ya nuna mata ƙugun yana zubewa fiye da na farkon tiyata, ta kuma gani sarai. Sai ta ce a ranta aikin ne yake ci.

Yaya ta zo wata rana da la'asar, ta tarar da shi a kujera, wuyan riga ya yi masa rami. Ta daɗe tana kallon sa. Ta matsa kusa, ta ja da baya.

“Ƙanena, wannan ba rama ba ce, ƙarewa ce. Kuma bakinka wani irin wari yake, kamar 'ya'yan itacen da suka kwana a leda. Ku koma asibiti.”

Tela tana kan keke, sai ta ji abin ya zo mata wuya.

“Haba Yaya! Da yana da ƙiba kin ce ni ke kashe shi da maiƙo. Yanzu ya rame kin ce yana ƙarewa. Ai ramar aka je nema! Don Allah ki bar mu mu ji daɗin abu ɗaya a gidan nan.”

Yaya ta ɗauki jakarta ta fita. Na'urar gwajin tana cikin aljihun keken, ƙasa da tafin hannun Tela, tana jin ƙarar maɓallai a kanta duk lokacin da ta jawo shi neman zare. To wa zai ga laifinta? Wanda ya daɗe yana roƙon ruwa, in hadari ya haɗo ba ya tsayawa tambayar ko da ƙanƙara a ciki.

Wata rana da tsakar rana kwandasta ya kira Tela a waya. Ya ce suna cikin tafiya Oga ya rage gudu, ya sa sigina, ya gangara gefen titi, ya ja burkin hannu, ya buɗe ƙofa ya sauka. Sai da ya yi duk wannan sannan ya yi amai ya faɗi. Ko a wannan hali bai bar motar a kan titi ba.

A asibiti ta same shi da ƙarin ruwa a hannu biyu, yana wani irin numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu. Aka ce sugan ya hau inda na'ura ma ta kasa faɗa, jininsa ya yi tsami, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Tela ta zauna a benci a baranda, hannuwanta a cinya. Hannuwan da ba su saba zama haka kawai ba, yau ba abin da za su iya. Yaya ta iso ta zauna kusa da ita. Tela ta sunkuyar da kai tana jiran “ban gaya miki ba?” Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Ba ta faɗa ba, sai ta kama hannun Tela ta riƙe.

Da ya farfaɗo, sakamakon gwaje-gwaje ya dawo, wata likita mai tabarau a rataye a wuya ta jawo kujera ta zauna a bakin gadonsa.

“Malam, ciwon suga iri-iri ne. Wanda aka fi gani ga manya, jiki yana yin insulin ɗinsa, ƙiba ce ke hana shi aiki. Wannan in aka rage ƙiba yakan lafa. Naka ba shi kaɗai ba ne. Garkuwar jikinka, wadda aikinta yaƙi da cuta, ita ce ta juya tana kashe wurin da ke yin insulin ɗin. Ga yara farat ɗaya take yi. Ga manya sannu take bi, shekara da shekaru, shi ya sa yake kama da wancan, ƙwaya ma ta yi aiki da farko. Yakan ɓoye, musamman a jikin mai ƙiba.”

“To ai bayan tiyata ya sauka,” in ji Tela. “Da idona na gani.”

“Ya sauka, don kusan ba ya cin komai, kuma ɗan abin da ya rage yana ƙoƙari. Yanzu ya kusa ƙarewa. Ramar nan ta baya-bayan nan ba ta tiyata ba ce, Hajiya. Jikin ne ya rasa insulin ya koma cin kansa.”

Tela ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Wato abin da take aunawa da tef tana dariya ke nan.

Tanka ya ɗaga ido ya dubi silin. “Wato inji ne ke mutuwa,” ya ce a hankali, “mu kuma muna ta sauke kaya.”

“Kusan haka ne.”

“To a mayar mini da tumbina.”

Ya faɗa ne kamar wasa, amma ba wanda ya yi dariya. Likitar ta ce tiyatar ba ta tafi a banza ba. Gwiwoyinsa sun huta, hawan jininsa ya sauka, barcinsa ya gyaru, kuma insulin ɗin da zai buƙata kaɗan ne a kan na mai ƙiba.

“Kaɗan ɗin nan, allura ce?”

“Allura ce.”

“Zuwa yaushe?”

Ta dubi Tela, ta dawo da ido kansa. “Iya rayuwa, Malam.”

Suka koma gida da allura mai kamar biro, da tarin bayani. A yi ta kafin cin abinci, kuma in an yi dole a ci. In ya fara gumi ko rawar jiki, a ba shi suga maza-maza. Kamfani kuwa sun ɗauka laulayin tiyata ne ya kayar da shi, suka ba shi hutu, manaja har ya aiko a gaishe shi.

Hutun na gab da ƙarewa ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗinki da rigar aikinsa a hannu.

“Tela, aljihu nake so ki yi mini. Ta ciki, nan ƙarƙashin hammata. Daidai tsawon biron nan. Wanda ba mai gani.”

Ta ɗauke ƙafa daga keke. “Maigida, mutum hamsin ne fa a bayanka.”

“Shekara nawa ina ɗauke da su? Na taɓa zubar da ko ɗaya? Ranar da na faɗi ma ai sai da na faka.”

“In ya faɗi kana kan gudu fa?”

“Zan ji zuwansa. Ni da nake jin taya ta rage iska tun daga kujerata, jikina ne ba zan ji ba?” Ya matso, ya rage murya. “In ban da sitiyari me na iya? Ki faɗa mini abu ɗaya, Tela. Ɗaya tak, in ajiye rigar nan yanzu.”

Mutumin nan ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba. Ta so ta ce ka iya zama mijina, amma ta san wannan ba amsar da zai iya fita da ita da safe ba ce. Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma yana gefe bai matsa ba. Ta miƙa hannu ta karɓi rigar.

Ba ta sha wahalar neman yadi ba. Ta jawo buhun ƙarƙashin keke, ga shuɗin ƙyallen da ta yanke daga jikin rigar. Ta auna biron, ta yanka, ta ɗinka da hannu don kada layin keke ya fito ta waje. A duk shekarunta na ɗinki ba ta taɓa yin aljihu mai kyan wannan ba, ba ta kuma taɓa ƙin jinin aikin hannunta kamar ranar ba.

Ana gobe zai koma aiki, da hantsi, ya yi allurarsa ya zauna cin abinci. Cokali biyu tumbin ya rufe ƙofa. Ya ture farantin ya ce zai ƙarasa anjima, yanzu dai a gwada riga. Ta zauna masa cas. Ya zura biron, ya ɗaga hannu, ya juya, ba alamar komai. Murna ta kama shi kamar yaro. Ya zauna a kujerar ɗinkinta, ya ɗauko murfin tukunya ya riƙe kamar sitiyari.

“Hajiya, a shiga a zauna, mota za ta tashi! Mai kaza a riƙe kaza!”

Tela ta yi dariya ba don tana so ba. Ya ja giya a iska, ya yi ƙarar inji da baki, ya riƙa kiran wuraren da suke wucewa, ga gidan mai, ga kwanar da ake sayar da lemo, ga gangaren nan mai ramuka. Ya daɗe bai yi nishaɗi haka ba, sai ta ƙyale shi ya yi ta tuƙi, ta juya tana naɗe zare. Can ta ji muryar tana ja, kalmomin suna hawa kan juna. Kafin ta waiwayo murfin tukunya ya faɗi ƙasa yana ƙara.

Gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Hannuwansa suna nan a sama inda sitiyari yake, suna karkarwa, idonsa a buɗe amma ba ita yake gani ba. Ta ruga ta dama suga a ruwa ta kai bakinsa. Ya ture kofin ya zube.

“Wace ce ke? Sauka mini daga mota!”

“Ni ce, Tanka, ni ce! Sha, don girman Allah!”

Ta sake damawa. Ta riƙe kansa a ƙirjinta tana ɗura masa kaɗan-kaɗan, don ko yanzu tumbin ba zai karɓi mai yawa ba, rabi yana shiga rabi yana bin haɓarsa. Ta lakato zuma ta goga masa a cikin kumatu. Tana yi tana kuka tana kiran sunan Allah, ba kowa a gidan sai ita. A hankali karkarwar ta lafa. Ya lumshe ido, ya buɗe, ya dube ta, ya dubi kofin da ke ƙasa.

“Me ya faru?”

Ta gaya masa.

Ya ɗaga hannuwansa yana juya su kamar na aro. “Ban ji zuwansa ba, Tela. Wallahi ko kaɗan ban ji ba.” Ya dube ta. “Muna ina a lokacin?”

Da farko ba ta gane ba, sai daga baya. “Kana cewa mun kusa gada.”

“Gada,” ya ce.

Ya fara ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suna kuskurewa, ita kuma ba ta taya shi ba don ta san ba zai so ba. Ya zaro biron ya ajiye a kan keke. Ya miƙa mata rigar ya ce ta wanke ta goge.

Washegari ta raka shi gareji. Ya hau bene wurin manaja shi kaɗai, bai daɗe ba ya sauko. An yaba masa da ya faɗi gaskiya, an ce za a duba masa wani abu a ofis, irin “za a duba” ɗin da kowa ya sani. Saura mayar da kayan aiki, domin a kamfanin in direba ya bar aiki yakan mayar da rigarsa sito, a ba wani.

Mai sito dattijo ne, sun daɗe tare. Ya warware rigar ya ɗaga ta sama, ya duba wuyanta.

“Ikon Allah. Lambar wuya ta ce mafi girma, riga ta ce ƙarama.” Ya yi murmushi don ya sassauta abin. “Ba komai, ai aikin Tela ne. A farke kalmasa ta dawo yadda take. Matata kullum tana faɗa, ke ba kya yankewa.”

Ya juya rigar ciki waje, ya bi gefen da yatsa yana neman kalmasa, ya tarar da ɗinki a bakin yadi, ba ko faɗin farce da ya rage. Yatsan ya ci gaba har ƙarƙashin hammata, ya faɗa cikin ɗan siririn aljihu. Dattijon ya tsaya. Ya dubi Tanka, ya dubi Tela. Sannan ya mayar da rigar daidai, ya ninke ta a hankali, ya ɗora wandon a kai, ya turo musu.

“Ku tafi da ita. Duk garejin nan ba wanda za ta shiga sai kai.”

Tanka ya rungume ta a ƙirji suka fito. Suna isa bakin get sai ga motarsa ta taho za ta fita, cike da fasinja, wani sabon direba da bai taɓa gani ba a kan kujerarsa. Mutumin ya sa giya, motar ta yi wani gurnani ta zabura. Tanka ya runtse ido kamar shi aka taka.

“Zai cinye mata kuloci,” ya ce. “Ba a sakar mata ƙafa haka, lallaɓa ta ake yi.”

Ya taka zuwa tsakiyar hanya ya ɗaga hannu don ya gaya masa. Direban ya ga wani ramammen mutum da ƙunshin kaya ya tare masa get, sai ya danna masa hon, ya leƙo ta taga.

“Baba, a ba mu hanya mana! In mota kake nema, ka je ka yanki tikiti!”

Hannun Tanka ya tsaya a sama. Tela ta kama shi ta hannun riga ta jawo shi gefe, ya biyo ta ba gardama, ba shi da nauyin da zai yi gardamar ma. Motar ta wuce su ta hau titi. Yana tsaye yana sauraron ta har ta shiga giya ta uku, ita kuma tana riƙe da shi tana duba goshinsa ko gumi ya fara.